Keken da Na Ce na Aro Ne

Bari in tambaye ka wani abu, kai da kake nema a ƙasar mutane, kuma don Allah kada ka yi saurin ba ni amsa. Yaushe rabonka da ka kashe kuɗi masu ɗan kauri a kan abin da ba zai dawo maka da ko sisi ba, abin da kai kaɗai za ka mora, sannan ka iya faɗa wa mutanen gida gaskiyar nawa ka saye shi? Ke ma da kike gida, mai miji ko ɗa ko ƙane a waje yana turo abin da ya sawwaƙa ƙarshen wata, kada ki ce babu ruwanki, don ke ce ake ɓoye wa.

Ni dai na san ranar da na faɗi wannan jarrabawa. Cikin watan Mayun 2024 na sayi keke na hannu a wurin wani Bature da ke haɗa kayansa zai bar Dubai kafin zafi ya kankama. Dirhami 2,300 na ƙirga masa. A canjin lokacin ya haura naira 900,000. Keke fa na ce, ba babur ba. Kuma a watan nan ne na yi alkawarin turo kuɗin kwanon da za a sake rufe ɗakin Innarmu kafin damina ta sauka.

Kafin ka yanke mini hukunci, tsaya ka ji inda nake zaune. Shekarata goma sha ɗaya a Deira, ina aiki a wani ofishin kago a lungunan da ke tsakanin Naif da Sabkha, inda 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi da Yamai ke kawo kaya a auna, a ɗaure, a tura. Duk wanda ya taɓa sauka a unguwar ya san ba a shiru a can, dare ko rana. Ga ƙarar salatif da ake naɗe kwali da shi, ga ihun masu turin kaya, ga waya biyu a hannu kowacce tana neman ka. In ka tashi aiki ka koma ɗakin da kuke kwana ku shida, gado bisa gado, wani yana waya da matarsa, wani yana minshari. A haka wata rana likita ya ɗaura mini abin awon jini a dantse, ya duba, ya sake dubawa, ya ce in ban fara motsa jiki ba, ni da ƙwayar magani sai dai mutuwa ta raba.

Irin keken da na saya, ni keken burji nake ce masa. In ka hango shi sai ka ce na tsere ne, kansa a lanƙwashe ya yi ƙasa kamar ƙahon rago, amma tayoyinsa sun fi na tsere kauri, wajen milimita 40, da 'yan ƙananan haƙora masu kama ƙasa. An yi shi ne don hanyar da ba kwalta: burji, tsakuwa, hanyar gona. A Amurka abin ya bunƙasa, a jihohin tsakiya masu gonaki, inda mahaya suka gaji da motocin da ke shafa su a titi suka koma hanyoyin manoma. A garin Emporia na jihar Kansas mutum 34 ne suka fara wani tsere na mil 200 a 2006, yanzu dubbai ke zuwa daga ko'ina, kuma a 2022 aka yi gasar duniya ta farko a Italiya. Ka ji ikon Allah. Hanyar da mu muke kai kuka gidan ɗan majalisa a zo a shimfiɗa mata kwalta, irinta wasu ke biyan kuɗin jirgi su je su hau.

A nan Dubai matattarar masu keke ita ce Al Qudra, can kudu da gari cikin hamada, tafiyar minti arba'in da 'yan kai a mota daga Deira in hanya ba cunkoso. An shimfiɗa siririyar kwalta mai tsawon kilomita 86 wadda ba a yarda mota ko babur su hau ba, sai keke kawai. Tana cikin yankin gandun Al Marmoom, wanda aka keɓe a 2018, kuma ya cinye kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasar Dubai. Daga gefen kwaltar akwai hanyoyin ƙasa da aka daddaɓe, masu zagaya tafkunan da mutum ya haƙa ya zuba wa ruwa, to a nan keken burji yake nuna amfaninsa. Wani abokin aikina ɗan Filifin mai mota shi ya fara kai ni wata Lahadi. Na yi sallar asuba a gefen wurin ajiye motoci, muka hau gari bai gama wayewa ba.

Abin da na fara lura da shi, kunnuwana sun rasa abin yi. Taya tana murƙushe tsakuwa a hankali, sai numfashina, shi ke nan. Barewa biyu suka tsallaka gabana ba su ko firgita ba. Can nesa na hango mariri, farin nan mai dogayen ƙahoni, wanda farauta ta ƙarar da shi a dajin ƙasar Larabawa a 1972, sai da aka sake kiwon irinsa aka sako. Ga itacen ghaf jefi-jefi, ɗan'uwan ƙiryarmu ne, ga hasumiyar tashar hasken rana da ta haura mita 260 tana jiran fitowar rana. Wayata tana aljihu a kashe. Awa biyu cur babu wanda ya ce mini auna, babu wanda ya ce turo. Wallahi sai da na sauka na tsaya, na dafa sirdi, ina jin wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Shekara goma sha ɗaya ban san na gaji haka ba.

Murna ce ta sa na yi abin da ya tona ni. Na ɗauki hoto da hular kwano a kaina, keke a jingine, na ɗora a WhatsApp. Kafin mu dawo Deira saƙon muryar Yaya ya shigo, tana dariya amma dariyar da ƙaya a ciki: “Haba ƙanena, keke kuma? Kowa ya je Dubai hotonsa a jikin mota, kai sai ka koma keke? Kada ka ja mana magana a gari, cire abin nan.” Ƙanenmu shi bai yi dariya ba. Ya san kasuwa, ya kuma san intanet. Layi ɗaya ya rubuto: “Yaya, irin wannan ai da tsada, nawa ka saya?” Na daɗe ina kallon tambayar. Sannan na rubuta masa cewa na aro ne, na wani abokin aiki.

Kuɗin kwano sai ƙarshen Yuni na tura. Ruwa bai jira ni ba. Wani dare aka yi mai ƙarfi da iska, ya jiƙe katifar Inna da buhun gero guda, ta kwashe kwanaki tana kwana a ɗakin matar ƙanena. Ita ba ta faɗa mini ba, duk wayar da muka yi sai ta ce lafiya lau, Allah ya yi albarka. A bakin wata 'yar Yaya na ji, cikin hira, ba ta ma san ta faɗi wani abu ba.

To ga maganar da nake so mu tattauna, ni da kai. Na yi laifi, wannan ba na musu. Amma a ina laifin yake? Na shafe watanni ina juya ta a kan keken nan, don shiru yana da wannan hali, duk abin da ka gudu ka bari a gari sai ya biyo ka.

Na fara da maganar Yaya, don ita ce mai sauƙi. Ita ba kuɗin ne ya dame ta ba, ba ta ma san su ba, kunya ce. A ƙasar Hausa keke ya taɓa zama abin alfahari. Kakanninmu sun ga zamanin da malamin makaranta ko ɗan kasuwa zai shigo gari a kan Raleigh yana kaɗa ƙararrawa yara suna bin sa, har masana'anta kamfanin ya yi a Kano. Da babur ya zo, mota ta biyo baya, sai keke ya koma alamar wanda aka bari a baya. Ko da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, ma'aikata da yawa suka jingine babura suka kakkaɓe tsofaffin kekuna, ai da sunkuyar da kai aka yi, ana cewa wane abin ya ci shi. A Al Qudra kuwa za ka ga mutum ya sauko da keke daga bayan motar da ta kai kuɗin gida, kuma keken kansa ya fi ƙaramar mota tsada. Ƙarfe ɗaya ne, taya biyu ce, sarƙa ɗaya ce. Bambancin kawai shi ne wannan in ya ga dama ya sauka, wancan kuwa ba shi da wannan damar.

Ba sai na je Kano na ga wancan ɗin ba. A ƙofar ofishinmu kullum yaran shaguna 'yan Bangaladash da Indiya suna wucewa a kan tsofaffin kekuna, katan ɗin ruwa a kariya, leda a rataye hagu da dama, cikin Yuli, lokacin da zafi ke haura digiri 40 iska kuma ta yi nauyi kamar tururin tukunya. Dokar ƙasar ta hana aiki a rana daga 12:30 zuwa 3:00 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, amma zafin bai san ƙarfe uku ba. Ranar da na fara turo kekena ta gabansu da wandon roba da gorar ruwa, wani daga cikinsu ya shafa tayar ya tambaye ni nawa. Shi ma ƙarya na yi masa, na rage fiye da rabi. Ni a tsakiya nake. Ban kai Baturen da ya sayar mini ba, na kuma wuce yaron shago da ɗan taki, kuma wanda ke tsakiya shi ya fi kowa yawan ɓoye-ɓoye.

Maganar ƙanena ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba. Akwai wata magana da muke tsinta a nan wurin abokan aiki da bidiyon masu koyar da tattali, wai kuɗinka naka ne, guminka ne, ka fara biyan kanka. A wurina wannan magana ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Ni ban zo Dubai da ƙafata ba. Saniya aka sayar, Yaya ta cire 'yan kunnenta na zinari, sannan aka haɗa kuɗin biza da na jirgi. Ƙanena ya zauna gida yana noma gonar da ni ma nake da gado a ciki, shi ke kai Inna asibiti, shi ke zuwa jana'iza da suna a madadina. In ya ce yana da haƙƙi a albashina, ba roƙo yake ba, jarinsa yake tambaya. Naira 900,000 a hannunsa sa ne na noma, ko taki na shekara, ko kuɗin makarantar yara. Duk mai cewa wannan lissafin hassada ce bai taɓa tsayawa layin awon masara da kuɗin da ba su kai ba.

Amma bi lissafin har ƙarshensa ka gani. In ƙa'idar ita ce ɗan ci-rani ba zai taɓa wani abu don kansa ba sai buƙatun gida sun ƙare, to ma'anarta ba zai taɓa ba har abada, don buƙatar gida rijiya ce da ba a taɓa ganin ƙasanta ba. An gama kwano sai aure, an gama aure sai haihuwa, sai rashin lafiya, sai naira ta sake faɗuwa abin da ka tura bara ya zama bai isa cefanen bana ba. Na san dattawa a Deira da suka haura shekara ashirin a nan, tsakaninsu da bakin teku tafiyar ƙafa ce, ba su taɓa zama sun kalle shi na rabin awa ba. Mun sha yin karo-karo a kai wani gida da shanyewar ɓarin jiki, mun sha bin gawa maƙabarta. In aka buɗe akwatin mamaci sai ka tarar da riga huɗu da tarin rasit na tura kuɗi. Mutanen gida su yi kuka na gaskiya, sannan bayan sadakar bakwai a fara duba wa za a tura ya maye gurbinsa. Ko jaki fa, in ya dawo daga kasuwa ana sauke masa mangala a bar shi ya yi birgima a toka. Babu mai hankalin da ke cewa birgimar nan ɓata lokaci ce.

Kuma malamai sun sha ba mu labarin Salmanul Farisi da ya sauka gidan ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar ya duƙufa azumi da tsayuwar dare ya manta da jikinsa da iyalinsa, ya tilasta masa ya ci abinci ya yi barci, ya nuna masa cewa Ubangiji da rai da iyali kowanne yana da nasa haƙƙin, kuma Manzon Allah (SAW) ya gaskata Salmanu. In ibada ma ba a yarda ta cinye mutum ɗungurungum ba, ina ga neman kuɗi? Sai dai ka lura, labarin kaifi biyu gare shi. Ya ba ni haƙƙin raina, ya kuma ajiye haƙƙin Inna a gefensa, bai ce ɗaya ya haɗiye ɗaya ba.

Akwai wata hujja da na daɗe ina fakewa da ita, kuma na san kai ma kana da irinta: ai don lafiya nake yi, in na samu lafiya na daɗe ina turo muku. Gaskiya ce, jinina ya sauka, tumbin ya ragu. Amma in na tsaya a nan na yaudare ka. Tafiya a ƙasa a bakin ruwan Deira kyauta ce, kuma da ta sauke jinin. Hujjar lafiya tana da daɗin faɗa ne saboda ta bar ni a matsayin injin da ake yi wa juyen mai don ya ci gaba da aiki, kuma inji kowa ya yarda a kashe masa kuɗi. Abin da ya fi wuyar faɗa shi ne ina son abin. Ina son iskar asuba a fuskata, ina son ƙarar tsakuwa, ina son awa biyun nan da ba ni da amfani ga kowa. Mu ba a koya mana faɗin haka ba. Namiji mai iyali ya ce yana yin abu don daɗi kawai, sai a dube shi kamar ya zauce.

Saboda haka ni a ganina sayen keken ba shi ne laifin ba. Laifina biyu ne. Na farko, na yi alkawari mai rana, kuma damina ba ta karɓar uzuri. Da na tura kuɗin kwano a Mayu na sayi keke a Agusta, da babu katifar da ta jiƙe, sai dai in rasa arahar Baturen. Son araha ne ya sa na ɗauki abin da na riga na bayar da baki na mayar aljihu. Na biyu kuwa ita ce ƙaryar, kuma ita ta fi ci mini rai, don da na duba sai na ga ba ranar na fara ta ba.

Dubi yadda muke yi, kai ma shaida ne. Mu je gaban Burj Khalifa mu ɗauki hoto da sabuwar shadda, amma ba mu taɓa ɗaukar gadon da muke kwana a kai ba. Mu ɓoye wahala don kada a raina mu, sannan mu ɓoye ɗan jin daɗi don kada a ce mun samu mun ƙi yi. Mutanen gida ba su san albashinmu ba, ba su san kuɗin gado a wata ba, ba su san abin da sabunta takardar zama ke ci ba. Mun bar su suna jefa guga cikin duhu. In sun tambayi abin da ya fi ƙarfinmu mu ji haushi mu ce ba su da tausayi, alhali mu muka hana su awon da za su tausaya da shi. Su ma da suka ga amsarmu kullum “wallahi babu” ce ko da akwai, sai suka koyi ninka buƙata biyu don a samu rabi. Haka ake zama, 'yan uwa ciki ɗaya, kowa yana ciniki da kowa kamar a kasuwar Sabkha. Ke da kike gida, ki yi haƙuri in faɗa miki naki: in duk lokacin da ya nuna miki ya ɗan huta sai kin bi shi da lissafin abin da kuɗin za su yi a gida, to kin koya masa kada ya sake nuna miki.

Abin da ya sa na warware ƙaryar ya faru ne a Hatta, da sanyi ya shigo. Hatta yanki ne na Dubai amma a ware yake, cikin duwatsun Hajar kusa da iyakar Oman, kimanin kilomita 130 daga gari. An fitar da hanyoyin keke na wajen kilomita 50 a cikin duwatsun, an yi musu alama da launi, kore ga sabon shiga, sai shuɗi, sai ja, baƙi kuwa sai wanda ya ƙware. Hawa kyauta ne in ka zo da kekenka. Ni kore nake bi, da hanyoyin tsakuwa na cikin ƙoramu da ke wucewa ta gefen gonakin dabino, inda ruwa ke bin 'yan magudanan da suke kira falaj. Na sha wata kwana sai na ga hanya ta miƙe, ja-ja, da ƙananan itatuwan ƙaya a gefe, awaki suna kiwo. Sak hanyar da ta tashi daga garinmu na yammacin Katsina zuwa fadama, inda Baba yake goya ni a kariyar kekensa ina riƙe da rigarsa, yana ce mini in buɗe ƙafa kada taya ta cije ni.

Waccan hanyar ma yanzu shiru take. Babu mota, babu babur, daidai abin da masu keken burji ke nema. Amma shirunta na tsoro ne, don ta fuskanci dajin Rugu, kuma wanda ya bi ta da yamma ba a da tabbacin dawowarsa. Ka tuna 2021, da gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama. Watanni muka yi a nan muna kira ba ya shiga, sai wani ya yi tafiya zuwa inda ake samun sabis sannan ka ji ko naka suna raye. Shirun Hatta kuɗi aka zuba aka yi shi, da masu gadi, da masu shara, da leburorin da suka fasa dutse cikin rana don ni in zo in ji iska. Ƙanena yana da hanyar da ta fi wannan kyau a bayan gida, ba kuma zai iya hawanta ba.

Na tambayi kaina a wurin, in na sayar da keken nan, hanyar fadama za ta buɗe? Ba za ta buɗe ba. Ƙuntata wa kaina ba ya ƙara wa kowa tsaro. Amma tun daga ranar na daina faɗin kalmar da na saba faɗa a zuci, wai ai na cancanta, na sha wahala. Ƙanena ya fi ni shan wahala, yaron shagon nan ma haka. Rabo ne ya faɗo ta wajena, kuma abin da rabo ya ba ka ba a cin sa a bayan ƙofa kamar na sata.

A daren na kira gida. Na ce a ba ni Inna, na ce, “Inna, keken nan da kuka gani ba na aro ba ne, nawa ne, kuma da kuɗin kwanonki na saya. Shi ya sa ruwa ya same ki. Ki yafe mini.” Ta yi shiru har na duba ko layi ya yanke. Sannan ta ce, “Yana da kariya?” Na ce babu. Ta ce, “To keken me ke nan da ba ya ɗaukar kaya?” Na ce na yawo ne kawai, Inna. Sai na ji ta yi 'yar dariya. Ta ce mahaifinku ma haka yake, in ya yi la'asar sai ya ɗauki keke ya ce zai duba fadama, ko da rani ne babu abin dubawa, ya dawo gab da magariba hannu biyu. Shekara talatin ba ta taɓa tambayar sa me ya gano ba. Game da kwanon kuwa ba ta sassauta ba. Ta ce, “Ka ji tsoron Allah, ɗan nan. In ba za ka iya ba ka ce ba za ka iya ba, sai mu nemi leda mu shimfiɗa. Jiran da ka sa mu shi ya jiƙa mu.”

Washegari na rubuta wa Yaya da ƙanena abin da ban taɓa rubutawa ba: ga albashina, ga kuɗin gado, ga abinci, ga abin da nake ajiyewa don takardu, ga abin da zan riƙa turowa ranar kaza ga wata ba fashi, ga kuma ɗan abin da na ware wa kaina, kada kowa ya sa shi a lissafi. Na haɗa da hoton ɗakinmu, gado bisa gado, da igiyar shanya a tsakiya. Yaya ta yi kwana uku ba ta ce komai ba. Da ta yi magana, cewa ta yi ashe ku shida ne, tana tsammanin ni kaɗai ne a ɗaki. Maganar keke dai har yau ba ta sauka daga ra'ayinta ba, ta ce in zan ɗora hoto in rufe wa surukanta kada su gani.

Ƙanena bai ce na yi daidai ba, ni ma ban nemi ya ce ba. Ya rage yawan saƙo, amma in ya turo yanzu adadin gaskiya yake faɗa, na gane haka ne don ya daina zuwa a dunƙule, sai ka ga har da ɗari biyar a ƙarshe. Lokaci-lokaci kuma, in ya je kasuwar dabbobi, sai ya turo mini hoton wani ɗan bijimi da farashinsa a ƙasa, ba ƙarin bayani. Wanda ya turo makon jiya fari ne mai baƙin kunne. Na gan shi ne ranar Lahadi da na kunna waya a bakin tafkin Al Qudra, ina cire ƙayar da ta huda mini tayar baya, na rubuta masa cewa a taya mu gani.